Me ya sa tsofaffin coci-cocin Alkahira suke a ɓoye, wasu har ƙasa da titi?

Tun da gwamnatin Masar ta fara tallata hanyar da Kiristocin ƙasar suka ce Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryam sun bi, wurare 25 daga Sina'i har Asyut, hotunan tsohuwar unguwar Kibɗawa (Kiristocin Masar) ta Alkahira ke yawo a kafafen sada zumunta. Za ka ga mutane suna gangarawa ta matakala daga bakin titi zuwa wani siririn lungu, su shiga wata 'yar ƙofa da ba ta da wata alama, sai ga coci a ciki. A ƙarƙashin hoton kuma sai musu ya kaure. Wasu su ce ga shaida, Kiristoci sun haƙa rami sun ɓuya saboda tsangwama. Wasu su ce ina tsangwama, ga coci ga majami'ar Yahudawa ga masallacin sahabi duk a unguwa ɗaya, ai ba a taɓa samun saɓani ba. Kowanne ya kama gaskiya ta gefe guda ya saki saura. Zurfin ginin da dalilinsa daban, ƙanƙantar ƙofar da nata dalilin, kuma mai tafiya a ƙafa zai iya rarrabe su da idonsa idan ya san abin da zai duba.

Wace unguwa ce, kuma su wane ne Kibɗawa

Wurin da ake magana a kai yana kudancin Alkahira, mutanen gari suna ce masa Masar Ƙadima, hukuma kuma tana kiransa Mujamma'ul Adyan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na ɗaya yana tsayawa a bakinsa, a tashar Mar Girgis. Ɗaliban Azhar da masu zuwa neman magani da yawa sun wuce ta tashar nan ba su sauka ba.

Kibɗawa su ne Kiristocin Masar na asali, waɗanda Mariya Kibɗiyya ta fito daga cikinsu, ana ƙiyasta su da kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen ƙasar. Sun rabu da cocin daular Rumawa bayan taron Kalsidon na shekarar 451, suna da nasu Paparoma, wanda a yanzu shi ne Tawadros na Biyu. Wannan rabuwar tana nan a tsaye cikin unguwar: babbar cocin nan mai kewayayyen gini da ƙubba da ake fara gani daga tasha, wato Mar Girgis, ta Girkawa ce, ba ta Kibɗawa ba. An sake gina ta a 1909 bayan gobarar 1904. Na Kibɗawan su ne Mu'allaƙa, Abu Sarga, Sitt Barbara, da gidan mata masu zaman ibada na Mar Girgis, duk a cikin lunguna.

Ƙasa ce ta hau, ba gini ne ya sauka ba

Unguwar gaba ɗaya tana zaune ne a cikin wani sansanin sojan Rumawa da ake kira Babilon, wanda aka gina wajejen shekarar 300, zamanin sarki Diyokletiyan. Kada a ruɗe da Babila ta Iraƙi, suna ne kawai ya zo ɗaya. A wancan lokacin Kogin Nilu yana wanke bangon sansanin, yau kuwa ya janye yamma da ɗaruruwan mitoci. Manyan hasumiyoyi biyu da ke bakin tasha suna gadin bakin wata mashigar ruwa ce da ta haɗa Nilu da Bahar Maliya, wadda daga baya Amru bin Asi ya sake yashewa a zamanin Halifa Umar don kai hatsi Hijaz. Cocin Girkawa a kan ɗaya daga cikin hasumiyoyin take, shi ya sa ta zama kewayayya. Ɗayar tana gaban gidan tarihin Kibɗawa, idan ka leƙa daga kan titi za ka ga gindinta can ƙasa da kai da mitoci masu yawa. Wancan gindin shi ne doron ƙasa na zamanin Rumawa.

Dubi bangon da kyau. Sahu biyar na farin dutse, sahu uku na jan bulo, a sake biyar, a sake uku. Duk inda ka ga wannan jeri a cikin unguwar, ko da a bayan shago ne ko gindin wani gida, to bangon Rumawa kake gani. Bulon yana ɗaure ginin ne, yana kuma daidaita sahun dutsen.

Abin da ya binne shi ba wani abin mamaki ba ne. Gida ya rushe, a baje ɓaraguzansa a yi sabo a kai. Toka, shara, fasassun tukwane, laka ta ambaliyar Nilu kowace shekara, sannan ƙonewar Fusɗaɗ, birnin da Amru ya kafa a gefen sansanin, a 1168, lokacin da waziri Shawar ya sa aka cinna masa wuta don kada mayaƙan salibi su mamaye shi. Gidajen zama suna hawa tare da titi saboda ana rushe su ana sakewa. Wurin ibada kuwa ba a son a taɓa daɓensa da harsashinsa, sai ya zauna inda yake duniya ta hau ta bar shi. Wanda ya san tsofaffin unguwannin cikin birnin Kano ko Zariya, inda ake taka ƙafa ƙasa kafin a shiga zaure saboda hanya ta fi shi tudu, ya riga ya san wannan. Tsofaffin masallatan Alkahira ma haka suke: masallacin Salih Ɗala'i da ke gaban Bab Zuwaila, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin, an gina shi a 1160 a kan shaguna, yau shagunan suna cikin rami ƙasa da titi. Ba wanda ya ce an haƙa su ne don ɓuya.

Mu'allaƙa ita ce kishiyar wannan. Sunanta na nufin ratayayya, domin an shimfiɗa ta ne a kan ƙofar kudu ta sansanin, da gumagumai na itacen dabino da dutse a tsakanin hasumiyoyin ƙofar. Matakala 29 ake hawa kafin a kai gare ta. A cikin daɓen akwai wata 'yar taga ta gilashi, idan ka duƙa za ka hangi ramin ƙofar Rumawa a ƙarƙashinka.

Shekarun da ke kan allo da shekarun da ke cikin bango

Masu rakiyar baƙi sukan ce coci-cocin nan na ƙarni na 4 ne ko na 5. Riwaya ce mai daraja a wurin masu ita, musamman game da ɗakin ƙasa na Abu Sarga, inda suka yi imani Annabi Isa yana jariri ya zauna tare da mahaifiyarsa, kuma kowace ranar 1 ga Yuni suna bikin tunawa da shigowarsu Masar. Amma binciken da masana haƙar tarihi suka yi a wurin ya nuna cewa har zuwa faɗuwar sansanin a hannun Amru a watan Afrilun 641, bariki ne na soja. Gine-ginen Abu Sarga da Sitt Barbara sun fi dacewa da ƙarshen ƙarni na 7, zamanin gwamnan Umayyawa Abdul'aziz bin Marwan (685 zuwa 705), kuma ana danganta su da babban magatakardansa, wani Kirista mai suna Atanasiyos. Ma'ana, bayan zuwan Musulunci aka gina su.

Malaman Musulunci na farko sun san haka. Masu tarihin Masar sun ruwaito cewa a ƙarshen ƙarni na 8 wani gwamnan Abbasiyawa, Aliyu bin Sulaiman, ya rushe wasu coci-coci a Fusɗaɗ, sai wanda ya biyo bayansa, Musa bin Isa, ya ba da izinin sake gina su bisa shawarar Laisu bin Sa'ad da Abdullahi bin Lahi'a. Hujjarsu ita ce wannan yana cikin raya ƙasa, kuma yawancin coci-cocin garin ba a gina su ba sai a zamanin sahabbai da tabi'ai. Duk mai son yin magana a kan wannan batu da adalci ya kamata ya riƙe wannan riwayar, domin a cikinta kaɗai akwai rushewa akwai kuma ginawa.

To ƙaramar ƙofa da bango marar ado fa?

A nan masu cewa an sha tsangwama suke da hujja. Sharuɗɗan zimma, wato ƙa'idojin zaman waɗanda ba Musulmi ba a ƙarƙashin daular Musulunci, da fuƙaha'u suka tsara sun hana gina sabuwar coci a garuruwan da Musulmi suka kafa, sun hana ɗaga gicciye a fili da kaɗa ƙararrawa da ƙarfi, gyara kuma sai da izinin mai mulki. Aiki da su ya danganta da sarkin zamani. Galibin halifofin Fadimiyyawa sun sassauta, har Paparoman Kibɗawa ya taso daga Iskandariyya ya dawo Mu'allaƙa a ƙarni na 11. Amma daga cikinsu ne aka sami Al-Hakim (996 zuwa 1021), wanda ya rushe coci-coci masu yawa, kafin daga baya ya bari a sake gina wasu. A zamanin Mamalik, tarzomar 1321 ta cinye gommai na coci-coci a faɗin ƙasar, aka sake wata a 1354. Masanin tarihin Masar Makrizi, wanda ya rasu a 1442, ya lissafa coci-cocin ɗaya bayan ɗaya.

Jama'ar da ta ga irin wannan za ta koyi gini daidai da halin da take ciki. Bangon waje ya zama kamar na kowane gida, ba zane ba gicciye. Ƙofa ta zama ƙarama mai kauri, da gungumen sakata ta ciki, sau da yawa ma ta gefe ake shiga ta wani soro mai lanƙwasa. Gidaje su manne wa cocin ta kowane gefe, unguwar kanta a kewaye ta da bango mai ƙofa guda da ake rufewa da dare. Duk dukiyar ado a kai ta ciki. Saboda haka idan ka ga hasumiyar ƙararrawa, kusan ko da yaushe sabon ƙari ne: fuskar Mu'allaƙa mai tagwayen hasumiyoyi, wadda ta fi kowace fitowa a hoto, aikin ƙarni na 19 ne, lokacin da takunkumin ya yi sauƙi.

Abin da ido zai nema a ciki

Fara da ginshiƙai. A Abu Sarga guda 12 ne suka raba tsakiyar ɗakin da gefunansa, 11 na marmara, ɗaya na jan dutse. Kawunansu ba iri ɗaya ba ne, tsayinsu ma bai zo ɗaya ba, sai an sa wa wani ƙarin dutse a gindi ko a ka don ya kamo 'yan uwansa. Wannan alama ce ta cewa daga rusassun gine-ginen Rumawa aka kwaso su. Haka aka yi a masallacin Amru, 'yan mintuna kaɗan da ƙafa daga nan. Tsufan ginshiƙi ba ya nuna tsufan ginin da ya ɗauka, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a bakin masu ziyara.

Sai labulen katako da ya raba masu ibada da haikali, wato ɗakin bagade da ke gabas. Kibɗawa suna kiransa hijabi. Yawanci haikali uku ne a jere, kowanne da nasa. Matso kusa: ƙananan guntaye ne na katako, masu kusurwa biyar, shida, da taurari, an cusa musu hauren giwa da baƙin katako, kowanne an zura shi cikin tsagar ɗan uwansa, ba ƙusa ba gam. Dalilin na sana'a ne. Masar ba ta da manyan itatuwan katako, mai kyau daga Sham ake kawowa da tsada, ga zafi da danshi suna sa faffaɗan allo ya kanannaɗe ya tsage. Idan aka yanka shi ƙanana, kowane guntu yana kumbura ya motse shi kaɗai a cikin gurbinsa. Ɓarnar da ta fi yawa tana zuwa ne daga mai gyara da bai san wannan ba, wanda zai ga guntu yana girgiza ya buga masa ƙusa ko ya malala masa gam, sai guntun ya rasa wurin motsi ya fashe. Hijabin tsakiya na Mu'allaƙa na ƙarni na 12 ne zuwa na 13. Kwatanta shi da mumbarin da Sarki Lajin ya sa aka yi wa masallacin Ibn Ɗulun a 1296, za ka ga taurarin da sassaƙar gida ɗaya suka fito. Bambancin kawai shi ne ƙaramin gicciye a tsakiyar tauraron coci. Wasu daga cikin mafi kyawun guntayen ba sa nan: allunan ƙofar Mu'allaƙa na wajejen 1300 suna gidan tarihin Birtaniya a Landan.

Kada ka manta da ƙasa. Kusa da ƙofar yamma akwai ɗan kwarmi a cikin daɓen marmara, sau da yawa a rufe da shimfiɗa. Sunansa laƙƙan, a nan limamin coci yake wanke ƙafafun mutane ranar Alhamis ta makon Ista. A wasu coci-cocin akwai wani rami mai zurfi an rufe shi da katako, magɗas, wanda a da ake shiga a nitse a bikin 19 ga Janairu na tunawa da baftismar Annabi Isa. An daina amfani da shi, amma samunsa yana nuna tsohon tsarin ginin bai sauya ba.

A sama kuma akwai rufin katako mai gantsarwa kamar kifaffen jirgi, wanda suke dangantawa da jirgin Annabi Nuhu, da ƙwan jimina a rataye gaban hijabi. Ana rataya irinsa a tsofaffin masallatai ma.

Hotunan waliyyai suna ruɗa mutane, domin hayaƙin kyandir ya baƙanta su har a ɗauka sun shekara dubu. Mafi yawansu na ƙarni na 18 ne, da yawa daga hannun Yuhanna Armani, wanda ya rasu a 1786, da abokin aikinsa Ibrahim Nasikh. Duba gindin hoton, galibi akwai rubutun Larabci da sunan wanda ya biya kuɗin aikin da shekara. Idan an rubuta "lish-shuhada" ko harafin shin a gefen lambar, to lissafin Kibɗawa ne na shekarar shahidai, wanda ya fara daga 284. Ƙara 284 idan watan yana tsakanin Janairu da farkon Satumba, ko 283 idan ya wuce haka. Shekarar 1493 ta shahidai ta zama 1776 ko 1777 ke nan. Ganin kalmar Allah da ayoyin Zabura cikin kyakkyawan rubutun Larabci a saman ƙofa kuma ba alamar an taɓa mayar da wurin masallaci ba ne. Kibɗawa sun koma magana da Larabci tun ƙarnuka da dama, kuma Paparomansu Jibrilu bin Turaik (1131 zuwa 1145) ya ba da umarnin a riƙa karanta nassi da Larabci don jama'a su fahimta.

Abu na ƙarshe da za a lura da shi shi ne hannun masu gyara. Hukumar kula da kayan tarihi da aka kafa a 1881 ta shigo da coci-cocin cikin aikinta a ƙarshen wancan ƙarnin, ta cire shingaye, ta sake rufi, ta kwashe tsofaffin ƙofofi zuwa gidan tarihin Kibɗawa da Markus Simaika ya kafa a 1908. Dutse mai kaifin baki da launi ɗaya sabo ne. Majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra, wadda aka sake buɗewa a 2023, ginin shekarun 1890 ne a kan tsohon wuri, duk da cewa takardun da aka kwasa daga ɗakin ajiyarta zuwa jami'ar Kambirij ta Ingila sun kai shekara dubu.

Abokin gaba na yau ruwa ne

Ginin da titi ya fi shi tudu, duk ruwan unguwa a kansa yake ƙarewa. Bayan kammala madatsar Aswan a 1970 ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daina sauka da rani kamar da, ga bututun famfo da na bahaya suna yoyo a unguwannin da suka cika maƙil. Ɗakin ƙasa na Abu Sarga ya yi shekaru cike da ruwa, ba a shiga. Farin dutse da bulo suna tsotso ruwan nan ta ƙananan kafofinsu zuwa mita ɗaya ko biyu a jikin bango, ruwan ya bushe ya bar gishiri, gishirin ya daskare a cikin kafofin ya tura dutsen har ya zama gari. Alamarsa baƙin layi a kwance a jikin bango, farin gari kamar kanwa a ƙarƙashinsa, da fenti mai kumburi.

Maganin da mutane suka fi gaggawar yi, wato shafe da siminti, shi ne mafi muni. Siminti yana toshe numfashin bango, danshin ya haura sama da inda shafen ya tsaya, ga shi kuma da nasa gishirin. Gyara na gaskiya shi ne a kankare simintin, a manna laka ko jiƙaƙƙiyar takarda ta zuƙe gishirin sau da yawa, a mayar da shafen farar ƙasa mai barin iska ta ratsa, sannan a magance ruwan daga tushe. Wannan ne aka yi tsakanin 2000 da 2006 da tallafin Amurka: rijiyoyi da bututu masu huda a ƙarƙashin unguwar suna janye ruwan a hankali. Dole a hankali, domin idan aka zuƙe shi da gaggawa ƙasa takan zauna bango ya tsage. Girgizar ƙasar 12 ga Oktoban 1992, wadda ta kashe mutum fiye da 500, ta riga ta raunana gine-ginen. Gyaran Mu'allaƙa shekara 16 ya ci, sai a 2014 aka gama.

Inda batun ya taɓa talaka

Ƙaramar coci a ɓoye cikin lungu ba tsohon labari ba ne kawai. Daga dokar Daular Usmaniyya ta 1856 zuwa sharuɗɗa goma na ma'aikatar cikin gida na 1934, gina coci a Masar yana buƙatar izini daga ƙololuwar mulki, ana kuma duba nisanta da masallaci da ra'ayin maƙwabta. Sakamakon haka dubban jama'a a ƙauyuka da unguwannin talakawa suka riƙa mayar da gidajen zama wuraren ibada ba takarda. Doka mai lamba 80 ta 2016 ta mayar da izinin hannun gwamnoni, ta ba su wata huɗu su ba da amsa, ta kuma kafa kwamitin halatta waɗanda ke akwai. Fiye da gine-gine 3,700 ne suka nemi a halatta su. Gwamnati da shugabannin coci suna ganin wannan ci gaba ne babba. Masu rajin kare haƙƙi suna cewa har yanzu doka ce ta daban da ta masallatai, kuma ƙa'idar daidaita girman coci da yawan Kiristocin wuri tana ba jami'i damar ƙin amincewa.

Haɗarin gini irin wannan ya bayyana ranar 14 ga Agustan 2022, lokacin da wutar lantarki ta haddasa gobara a cocin Abu Sifin da ke Imbaba, wata unguwa a yammacin Kogin Nilu daura da Alkahira, mutum 41 suka rasu, da yawansu yara. Gini ne mai hawa-hawa a cikin matsattsen lungu, hayaƙi ya cika matakala, mafita ta yi kaɗan. Sunanta ɗaya da tsohuwar Abu Sifin ta Masar Ƙadima, amma wurare biyu ne daban.

Tsofaffin da ke cikin sansanin Babilon suna da kariya, domin suna cikin rajistar kayan tarihi ƙarƙashin doka mai lamba 117 ta 1983, ga jami'an tsaro a ƙofa, shiga coci-cocin kuma kyauta ne. Damuwar masana tana kan abin da ba a yi wa rajista ba: tsohon gida da ke jingine da coci, ƙofar unguwa, kabari mai ƙubba. Irin waɗannan ne aka rushe a maƙabartun Imam Shafi'i da kewaye tun daga 2020 don faɗaɗa hanyoyi, hukuma tana cewa ba sa cikin rajista, masana gine-gine suna cewa rashin rajista gazawar hukuma ce, ba ta ginin ba. Mazauna irin waɗannan unguwanni su ma ra'ayinsu ya rabu, tsakanin mai son a gyara magudanar ruwa masu ziyara su ƙaru ya sami ciniki, da mai tsoron gyaran ya ƙare da tashinsa zuwa sabon gida a bayan gari, nesa da sana'arsa.